Ciwon baya: yadda za a tare shi tun a asibitin sha-ka-tafi kafin ya yi kaka-gida

Ranar kasuwa ce ta fi tara mana masu ciwon baya a ɗan asibitinmu. Mutum zai shigo dafe da kwankwaso, ko zama bai yi ba sai kaji yace "malam allura zaka min", ka tambaye shi tun yaushe abun ya fara, yace ai ya kai shekara biyu, ya sha haɗin kemis ya gaji, ya sha na basir, wanzami ya masa ƙaho har sau uku, yanzu kuma wani abokinsa yace ya tafi Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano a ɗauki hoton bayan. Wallahi abun da ke ci min rai kenan, don da a satin farko ya zo muka zauna na minti goma sha biyar, da wuya ya kai haka.

Kuma ba mu kaɗai bane. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, ana hasashen zasu kai miliyan 843 zuwa 2050, kuma babu wata lalura da ta kai shi hana mutane aiki a duniya. A watan Disamba na 2023 ta fitar da ƙa'idojin yadda za a kula da wanda ya daɗe bai warke ba, kuma ba manyan asibitoci ta nufa da su ba, irin namu ta nufa, na matakin farko da ke cikin unguwa da ƙauye. Toh bari in faɗa maka yadda zaka ci moriyar wannan ɗan asibitin da kake raina wa.

Ka fara gane wane iri ne naka

Ƙasan bayan nan ƙasusuwa biyar ne a jere kan juna, tsakanin kowanne akwai wani ɗan faifan guringuntsi kamar gammo, ga tsoka ga jijiyoyi sun ɗaure su tamau. Gini ne mai ƙwari sosai, ba abu bane da ke "gocewa" don ka sunkuya ɗaukar buta. Cikin mutum goma masu ciwon baya, kusan tara ba a samun wata cuta takamaimai da za a nuna ace ga ta, tsoka ce ko gaɓa ta sha wuya ta yi fushi, kuma yawanci cikin sati shida abun yake sauƙi sosai. In ya wuce wata uku yana nan, shi ne ake cewa ya zama mai naci. Duk yaƙin da muke yi a tsakanin nan yake, daga ranar farko zuwa wata na uku.

Amma akwai wannan ɗayan da ya rage, kuma shi ba a wasa da shi. In ciwon baya ya zo tare da riƙewar fitsari, ko fitsari da bayan gida suna zubo maka ba ka sani ba, ko kaji tsakanin cinyoyi da wajen zama ya mutu kamar ba jikinka ba, ko ƙafa tana rasa ƙarfi kana jan ta har silifas na fita ba ka ji ba, wannan ba na gobe bane, yau ɗin nan zaka je kuma ka ce a tura ka babban asibiti, don jijiyoyin da ke gangarowa daga laka ne wani abu ya danne, in aka yi jinkiri ba lallai su dawo ba. Haka wanda ya faɗo daga bishiya ko gini ko ya yi hatsarin mashin. Haka tsohuwar da ta ɗan zame a banɗaki bayan ya riƙe, ƙashin tsofaffi ba ya buƙatar babbar faɗuwa kafin ya tsage.

Sai wanda mu a nan ya kamata mu fi kowa sa wa ido: ciwon baya da zazzaɓin yamma, gumi da dare, rama ba dalili, wani lokacin har ƙashin bayan ya fara turo wani ɗan doro. Tarin fuka ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana cin ƙashin baya, kuma mutum zai iya samunsa ba tare da yana tari ba. Maganinsa kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, amma sai kaga an yi wata takwas ana shafa man zafi. Dattijon da fitsari ke ba shi wuya ga bayan na hana shi barci, matar da ta taɓa jinyar kansar mama, mai sikila, mai jin zafin fitsari da ciwo a gefen ciki ta baya inda ƙoda take, duk waɗannan a bari ma'aikacin lafiya ya duba tukunna kafin a ce gajiya ce.

In babu ko ɗaya a ciki, toh kwantar da hankalinka, naka irin na mutane ne.

Satin farko da na biyu

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne kwanciya. Mutum ya shimfiɗa tabarma ya kwanta sati guda, ana kawo masa abinci ana kawo buta, 'yan dubiya na zuwa kowa da labarin wani da ya san haka ya fara har ya daina tafiya. Da can har likitoci ma hutun gado suke rubutawa, daga baya aka gano yana ƙara dagula lamarin ne, tsoka ta yi sanyi gaɓoɓi su sandare tsoro ya shiga. In zafin ya yi yawa ka huta yini ɗaya ko biyu ba laifi, amma ko a cikinsu ka dinga tashi kana zaga tsakar gida, ka je masallacin ƙofar gida a ƙafa, ki ɗan taka zuwa maƙwabta. Zafi kaɗan lokacin motsi ba yana nufin wani abu na lalacewa bane.

Ka gasa wajen da tsumma da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba dan Allah, mun sha wanke ƙunar da aka yi wa mutum da sunan gashi, musamman masu ciwon suga da ba sa jin zafi sosai. Wajen barci in ta gefe kake kwanciya ka sa filo tsakanin gwiwoyi, in rigingine ne ka sa shi ƙarƙashinsu. Maganar cewa dole sai ka koma kwana a kan siminti ba dole bace, katifar da ta lotsa ta zama kwale-kwale ita ce matsala, mai ɗan tauri matsakaiciya ta isa.

Salla kuma, kada ka matsa wa kanka da ruku'u kana cije haƙori. Sahabi Imrana ɗan Husaini da ciwon basir ya dame shi, Manzon Allah (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Sai dai ni shawarata kada kujerar ta zame maka ta har abada, da ka ji sauƙi ka koma, don ruku'u da sujada da aka yi a natse su ma motsa baya ne mai kyau.

Aiki ma haka, ka koma da wuri ko da rabin yini ne, ka fara da mai sauƙi. Wanda ya daɗe bai koma aiki ba shi ne komawar ke ƙara yi wa wuya.

In ka zo wajenmu

Ka zo cikin satin farko ko na biyu in bai fara sauƙi ba, kuɗin kati bai kai abun da kake kashewa a kemis a kwana uku ba. Ka zo da kwalaye ko ledojin duk magungunan da ka sha, har na gargajiya, kada ka ɓoye, ba faɗa za a maka ba (toh wani lokacin a ɗan yi). Ka faɗi ranar da ya fara, me kake yi lokacin, yana sauka ƙafa ko a'a, in yana sauka ya wuce gwiwa, me ke ƙara shi me ke rage shi, yana tashin ka daga barci, kuma wace sana'a kake. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci fiye da yadda kake zato, shawarar da zan ba tela daban da ta ɗan dako.

Kai ma kana da haƙƙi a kanmu. A duba ka a tsaye, a sa ka sunkuya, ka taka da dunduniya ka taka da yatsu, a kwantar da kai a ɗaga ƙafar, a gwada hawan jini kafin a rubuta magani. In ma'aikaci ya rubuta allura tun ba ka gama magana ba, ka tambaye shi cikin ladabi me yake ganin ya kawo ciwon kuma me zaka yi a gida. Gaskiya mu ma muna da namu laifin, layi ya yi tsawo, ma'aikaci ɗaya ke yin awo da rigakafi da wankin ciwo, allura ta fi bayani sauri, kuma majinyaci ya fi gode maka in ka soka masa. Amma allurar nan ba ta fi ƙwayar wannan maganin da ake haɗiya ba, sai dai ƙarin haɗarin ƙurji ko a taɓa jijiyar ɗuwawu in hannun da bai iya ba ya yi.

Maganar hoto kuwa, nasan nan ne zamu ɓata da wasu. In babu waɗancan alamomin haɗari, hoton ƙashi ba ya ƙara komai a satin farko, sai ma ya jawo maka damuwa. An taɓa haɗa binciken hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai a bayansu, aka ga kusan 30 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifansu ya ɗan bultso, 'yan shekara 80 kuwa sun haura 80 cikin 100, kuma lafiyarsu ƙalau. Kamar furfura ce ta cikin jiki. Amma da an nuna wa mutum takarda ance ƙashinka ya cinye, shikenan ya daina sunkuyawa ya daina noma ya fara tafiya kamar wanda ya ɗauko ƙwai a baya, daga nan ciwon ya samu wajen zama.

Magani, da abun da ba magani ba

Irin su ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma na 'yan kwanaki ne, bayan an ci abinci, kuma guda ɗaya ba a haɗa biyu. Haɗin da ake ƙulla maka a leda da sunan maganin gajiya sau da yawa 'yan gida ɗaya ne guda biyu ko uku a ciki, har da piroxicam, wani lokacin a ƙara dexamethasone, ka sha kaji garau, ka mayar da shi kamar goro kullum da yamma, bayan shekara ga olsa ga ƙoda ta fara kuka. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini, mai juna biyu da tsofaffi kada su sha irin waɗannan sai ma'aikacin lafiya ya ce. Tramadol kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, kowa ya san yara nawa ne a unguwarsu suka fara da "don in iya aiki" suka ƙare a inda suka ƙare. Ƙa'idojin 2023 ɗin nan sun ce kada a yi amfani da danginsa wajen ciwon baya mai naci, sun kuma hana dogaro da bel ɗin ɗaure ƙugu da na'urar jan baya. Abun da suka yarda da shi ya haɗa da wayar da kai, motsa jiki, tausa, da kuma koya wa mutum yadda zai bi da tsoro da damuwa. Wani abun dariya har man shafawa da ake yi da barkono yana ciki, amma na kamfani ake nufi mai awo, kada ki je ki daka tattasai da attaruhu ki shafa wa maigida kice ni na faɗa.

Basir fa? Basir ciwo ne na dubura, yana da alamominsa, jini ko tsiro ko ƙaiƙayi, amma mun mayar da shi jakar da ake zuba kowane ciwon ƙugu. Jiƙe-jiƙen da ke sa gudawa ba su taɓa tsokar baya. Tsaga da ƙaho in ba a tsaftace aska ba kuma ga ciwon hanta na jira. Maɗori ya iya aikinsa a wasu wurare amma kada ka bari kowa ya taka maka baya da ƙafa.

Abun da ke hana shi dawowa

Ciwon baya ɗan ziyara ne, in ya san gida yana son komowa. Abun da bincike ya fi tabbatarwa wajen hana shi shi ne motsa jiki tare da fahimtar ciwon, ba wani abu mai tsada ba. A 2024 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Ostareliya kan mutum 701 da suka warke daga ciwon baya, aka sa rabi tafiyar ƙafa a kai a kai tare da 'yar shawara, rabi aka bar su. Masu tafiyar sun yi wajen kwana 208 kafin ciwon ya sake kwantar musu da aiki, waɗancan kuwa kwana 112. Tafiya kawai. Ka fara da minti goma bayan asuba ko bayan la'asar, ka dinga ƙarawa har ka kai minti talatin sau biyar a sati.

Manomi zai ce ni da nake yini a gona me zan yi da wata tafiya. Gaskiyarka ta wani gefen, amma kai matsalarka ba rashin motsi bace, tsayawa a yanayi ɗaya ne, awa huɗu a duƙe kan fartanya. Kai naka shi ne duk ƙarshen kunya biyu ko uku ka miƙe, ka dafa kwankwaso da hannu biyu ka ɗan lanƙwasa baya ta baya sau biyar. Kuma farkon damina kada ka zuba aikin sati a rana ɗaya, jikin da ya huta tun rani sai an lallaɓa shi, shi yasa daga saukar ruwan farko layinmu ke cika.

A kan tabarma kuma ga abun da nake koya wa kowa, minti goma ya isa. Ka kwanta rigingine ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji ka riƙe kamar ƙirga ashirin, ka canza. Sai ka kafa tafin ƙafafu a ƙasa ka ɗaga ɗuwawu sama ka riƙe ƙirga biyar ka sauke, sau goma. Sai ka yi rarrafe, ka turo baya sama kamar kyanwa ta ga kare, sannan ka sake shi ya lotsa, a hankali. In ka saba, daga rarrafen ka miƙe hannun dama da ƙafar hagu lokaci ɗaya ka riƙe, ka canza. In wani ya sa zafi na harbawa ƙasa zuwa ƙafa, ka bar wannan ka faɗa mana.

Ɗaukar kaya: ka matso da kayan jikinka, ka lanƙwasa gwiwa, kada ka murɗa ƙugu da nauyi a hannu, juya da ƙafafunka. Amma ba zan yaudare ka ba, salon ɗauka bai kai nauyin kayan da yawan ɗaukar muhimmanci ba. Buhun siminti kilo 50 ne, jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce cif, babban buhun masara ya kai kilo 100, babu salon da zai mayar da shi auduga. A kama maka, a nemi baro ko kura, a raba gida biyu. Ɗan acaba da mai A Daidaita Sahu da direban doguwar tafiya, ku cire walat daga aljihun baya, ku sauka ku taka duk bayan awa ɗaya ko biyu. Tela ya duba tsayin kujerarsa da keken. Taba sigari ma tana cikin abubuwan da ke jawo shi, haka tumbi.

Mata su ne suka fi fama da shi kuma su ne ba sa zuwa, sai dai in sun kawo yaro rigakafi su faɗa a bakin ƙofa suna fita. Shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a duƙe, daka, jan guga, ga goyo a baya ga wani cikin. Ki ɗaura wa tsintsiya sanda, ki ɗora bahon wanki kan benci ko ki zauna a kujerar tsugunno ki jawo shi gabanki, goyo kuma a ɗaure shi sama ya manne ba yana reto a ƙugu ba. Maigida in akwai hali a kai niƙa inji, kuma ka bar ta ta zo asibiti don kanta ba sai don yaro ba.

Akwai kuma wanda ba a son faɗa. Bashi, rigimar gida, rashin barci, zaman makoki, duk suna ƙara wa ciwo ƙarfi su hana shi tafiya. Ba wai ƙarya kake ba ko ciwon a kanka yake, ciwon gaske ne, amma jikin da hankalinsa ke tashe ya fi jin zafi. In na tambaye ka ya barci ya gida, ba gulma nake nema ba.

Aikin unguwa

Mutum ɗaya ba zai gyara wannan ba. A Najeriya tun 1992 aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, kuma tsarin ya tanadi kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido kan asibitin yankin, a Nijar ma akwai ƙananan ɗakunan shan magani har cikin ƙauyuka. Ka tambayi mai unguwa su waye 'yan kwamitinku, ka ce a ware minti goma ranar awo da ranar rigakafi a nuna wa mata wancan motsa jikin a kan tabarma, ba ya cin ko sisi. Liman ya ba ma'aikacin lafiya dama bayan salla ya lissafo alamomin haɗarin nan. Shugaban 'yan dako da na 'yan ga-ruwa a zauna da su kan maganar kama wa juna kaya. Masu kemis na unguwa ma a jawo su ciki maimakon a yi ta zaginsu, su ne mutane ke fara zuwa wajensu, in suka saba cewa "wannan ya kai sati biyu, je asibiti" an rage rabin aiki. Dattawan majalisa kuma, maimakon zaman benci daga la'asar har magariba, a zaga unguwa tare ana hirar siyasar a tafe.

In an yi duk wannan sati shida babu canji, ko zafin ƙafa na ƙaruwa, ka ce a rubuta maka takardar turawa wajen masu gashin ƙashi a babban asibiti, irin su Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano ko na Shika in can ya fi maka kusa. Zuwa da takarda ya fi zuwa hannu rabbana, don likitan zai ga abun da aka riga aka gwada. Kuma kafin ka bar ɗakinmu ranar farko, ka sa a rubuta maka ranar dawowa a bayan katin, bayan sati biyu, ka zo ko da ka ji sauƙi a duba yadda kake yin motsa jikin, don yawanci wancan na rarrafen ne mutane ke yi ba daidai ba.